Zane ba wasan yara ba ne: Abin da ɗan Gesheme zai samu idan ya sake ɗaukar fensir

Duk wanda ya tashi a Gesheme ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san wannan hoton: an gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi, yara sun tsuguna a kan rairayi da tsinke a hannu. Wani yana zana babbar mota ɗauke da buhuna, wani raƙumi, wani kuma ɗan kokowa da layunsa. A lakwal ma haka abin yake. Kusan kowane aji akwai yaron da mushe ke kira ya zana taswirar Nijar a babban allo, saboda hannunsa ya fi na kowa.

Tambayar ita ce, ina waɗannan yaran suke yanzu?

Wasu suna tuƙa kabu-kabu a Yamai. Wasu suna tsaron shago a Kwatano ko Abijan, wasu suna aikin gini a Libiya ko Aljeriya, wasu kuma sun zama malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Abin da ya haɗa da yawansu shi ne rabonsu da zana wani abu tun kafin jarabawar BEPC. Idan aka tambaye su, amsar ba ta wuce "ai wannan aikin yara ne" ko "ina lokacin yake?"

Sai dai tarihin masu zane, a Afirka da wajenta, cike yake da mutanen da suka ɗauki fensir bayan sun manyanta, wasu ma bayan furfura ta cika musu kai. Kuma ga mutumin Arewa akwai dalilai na musamman da za su sa ya waiwayi wannan abin da ya bari.

Me ya sa ake dainawa?

Masana tarbiyyar yara sun daɗe da lura cewa kusan kowane yaro yana zane ba tare da tsoro ba har zuwa wajen shekara 9 zuwa 12. Wani malamin koyar da zane mai suna Viktor Lowenfeld ya yi bayanin waɗannan matakai a littafin da ya fitar a 1947. A wannan shekarun ne idon yaro ke buɗewa, ya fara son abin da ya zana ya yi kama da na zahiri. Idan ya zana doki ya ga ya fi kama da akuya, abokai kuma suka yi dariya, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da baiwa. Daga nan ya ajiye.

Wannan ne ya sa babban mutum mai shekara 40, idan aka ba shi takarda, yakan yi zane irin na ɗan shekara 10. Hannunsa ya tsaya ne daidai inda ya bar shi.

A yankin Arewa akwai ƙarin dalilai. Aikin gona yana jiran yaro tun yana ƙarami. Makaranta ta fi ba lissafi da Faransanci muhimmanci, tunda su ne ke kai ɗalibi ga BEPC da BAC. Fensir mai launi da takarda mai kyau ba kowane gida ke iya sayensu ba. Da zarar saurayi ya tasa kuma, sai maganar bida ta taso: a tafi ci-rani, a nemo kuɗin aure, a aiko da na cefane. Ƴa mace kuwa, aikin gida da aure sukan rufe wannan babin tun da wuri, ko da yake takan ci gaba da zane ta wata ƙofar, wato lalle da adon ɗaki.

Gadon gida ne

Masu ganin zane baƙon abu ne da Turawa suka kawo, ya kamata su duba kusa da su.

Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ana yi masa allon zayyana, mai ɗauke da zane-zane masu launi waɗanda sai gwani ke iya fitar da su. Babbar riga mai aska takwas ko aska biyu, kafin allura ta taɓa ta, sai an fara zana fasalin aikin a jikin yadin. Masu gyaran ƙwarya suna ƙona zane a bayanta da wuƙa mai zafi. Dukawa suna yi wa fata ado da ja da baƙi da kore. Magina kuwa sun mayar da fuskar gida allo: wanda ya taɓa zagaya unguwannin Birni da Zango a Damagaram, ko tsohon birnin Zariya, ya ga dagi da sauran zane-zanen da aka fitar a jikin bango.

Idan aka ƙara komawa baya, a Dabous da ke arewacin Agadas akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, kuma masana na ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 zuwa 8,000. Ke nan tun kafin a san takarda mutanen wannan ƙasa suke zana abin da idonsu ya gani.

A zamanin nan ma akwai na gida. Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, bakanike ne kafin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin fim ɗin zane mai motsi a Afirka. Fim ɗinsa na 1966, Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki, kuma da hannu ya zana shi. Akwai kuma Rissa Ixa da Boubacar Boureima, waɗanda suka yi suna a zanen fenti a Nijar. A Zariya kuwa, a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, sun kafa ƙungiyar da ta dage cewa mai zane ɗan Afirka ya haɗa dabarun da ya koya a makaranta da abin da ya gada a gida.

Waɗanda suka fara a makare

Ƴan ci-ranin da ke Abijan suna zaune ne a garin da Frédéric Bruly Bouabré ya rayu har ya rasu a 2014. Ma'aikacin ofis ne na shekaru masu yawa. Ya rungumi zane gadan-gadan ne bayan ya haura shekara 50, kuma kayan aikinsa ba su wuce bik da fensir mai launi da ƴan ƙananan kwalaye masu girman tafin hannu ba. A kansu ya riƙa zana duk abin da ya gani ko ya ji, yana rubuta bayani a gefe. A 1989 aka nuna aikinsa a wani babban baje koli a Paris, a 2022 kuma gidan adana zane na MoMA da ke New York ya ware masa baje koli shi kaɗai.

A Amurka akwai Bill Traylor, wanda aka haifa cikin bauta a jihar Alabama, ya ƙare ƙarfinsa a aikin gona. Sai a 1939, yana da kimanin shekara 85, ba shi da muhalli, ya fara zama a bakin titi a garin Montgomery yana zane a bayan tsofaffin kwalaye. Cikin kusan shekara 3 ya yi zane sama da 1,000: alfadarai, karnuka, manoma, mutanen da ya sani a ƙuruciya. Ya rasu a 1949, a 2018 kuma gidan tarihi na Smithsonian ya shirya babban baje kolin aikinsa.

Ita kuwa Anna Mary Robertson Moses, wadda aka fi sani da Grandma Moses, matar manomi ce da ta koma fenti tana dab da shekara 80, bayan ciwon gaɓoɓi ya hana ta ɗinkin ado. Abin da ta riƙa zanawa shi ne rayuwar ƙauyen da ta tashi a ciki. Ta rasu a 1961 tana da shekara 101.

Winston Churchill na Ingila ya fara fenti ne a 1915 yana ɗan shekara 40, lokacin da ya rasa muƙaminsa na kula da rundunar ruwa kuma damuwa ta yi masa yawa. Bai daina ba har tsufansa, ya bar zane sama da 500.

Babu ɗaya daga cikin mutanen nan huɗu da ya yi makarantar koyon zane. Biyu daga cikinsu kuma, Traylor da Moses, abin da suka sa a gaba shi ne ƙauyen da suka baro, wanda ya riga ya sauya ko ya ɓace.

Abin da ke ɓacewa a gabanmu

Nan ne maganar ta shafi Gesheme kai tsaye.

Garin, wanda ake rubutawa Guéchémé a takardun gwamnati, yana cikin kwarin Dallol Mawri a jihar Dosso, ba nisa da iyakar jihar Kebbi ta Najeriya. A da yana ƙarƙashin Dogon Dutse, amma tun 2011 ya koma sabuwar gundumar Tibiri tare da Dumega da Kore Mairuwa. Ƙasa ce da ruwa ke kusa, shi ya sa ake samun fadamu da lambuna da rake a lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Ga gawo da ke yin ganye da rani ya zubar da damina, ga goriba, ga rumbuna a bayan gida, ga tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai idan aka nufi Dogon Dutse. Mai zane ba zai rasa abin dubawa ba.

Amma duk wanda ya yi shekara 5 ko 10 bai je gida ba ya san yadda yake tarar da shi. Inda ya bar ɗakin ƙasa da jinka, ya tarar da bulo da kwano. Rijiyar da ake jan ruwa da guga ta zama famfo. Bishiyar da ake hira a ƙarƙashinta an sare. Wasu sauye-sauyen ci gaba ne da kowa ke maraba da su, kuma kuɗin ƴan ci-ranin ne ma ke kawo da yawansu. Duk da haka, yaron da aka haifa a Kwatano ba zai taɓa sanin yadda zauren kakansa yake ba idan babu wanda ya adana kamanninsa.

Ginin ƙasa ba ya jira. A farkon watan Satumban 2024, ruwan sama mai ƙarfi ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Wannan sanannen gini ne, akwai hotunansa. Gidajen ƙauye da damina ke ci kowace shekara kuwa, mafi yawansu babu wanda ya taɓa ɗaukarsu.

Wani zai ce ai ga waya, me ya kawo wahalar zane? Waya tana ɗaukar abin da ke gabanta ne yau. Ba za ta iya ɗauko kasuwar da ka sani a 1995 ba, ko yadda tsakar gidanku take kafin a raba gado. Wannan yana cikin kanka ne kawai, kuma hanya ɗaya ta fito da shi a gani ita ce hannunka. Bayan haka, hotunan waya sukan tafi tare da wayar ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta.

Haka abin yake ga tarihi. Sarauniyar Lugu, wadda ta yi tsayin daka a gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899, a ƙasar Arewa take. Mafi yawan abin da mutane ke hangowa idan an ambace ta daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 ne da fim ɗin Med Hondo na 1986. Ƴaƴan yankin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna da nasu hoton a zuci, wanda har yanzu bai sauka a takarda ba.

Maganin gajiyar zuciya

Rayuwar ci-rani tana da nauyi. Aiki tun asuba, ɗaki ɗaya da mutum biyar, kiran waya daga gida da ba ya wuce buƙata, sannan dare ya yi mutum ya kwanta yana latsa waya har barci ya ɗauke shi. Matasan birni da ke zaman fada suna jiran aiki su ma sun san irin wannan gajiyar da ba ta jiki ba.

Akwai binciken da ke nuna cewa aikin hannu irin wannan yana taimakawa. A 2016, wata mai bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka, Girija Kaimal, ta ba mutum 39 kayan zane da yumɓu na tsawon minti 45, aka auna sinadarin kotizol da jiki ke fitarwa lokacin damuwa kafin su fara da bayan sun gama. Kimanin kashi 75 cikin 100 nasu ya ragu, kuma ba a ga bambanci tsakanin gwanaye da ƴan koyo ba. Binciken ƙarami ne, amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya tattara rubuce-rubucen bincike sama da 900, wanda ya nuna cewa ayyukan fasaha suna da rawar takawa wajen kare lafiya da kuma jinya.

Wannan ba ya nufin zane zai maye gurbin likita ga wanda ciwon damuwa ya kama. Abin da yake bayarwa shi ne rabin awa da hankali zai tsaya wuri guda, a kan layi ɗaya, ba a kan bashi ko takardun zama ba.

Ina matsayin addini?

Wannan ce tambayar da ke tsayar da mutane da yawa, kuma ba abin wasa ba ce. Akwai hadisai ingantattu da suka yi gargaɗi mai tsanani a kan surantar abu mai rai. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mutum da ke cin abinci da yin hotuna ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa cewa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai.

Daga nan mafi yawan malamai suka tafi a kan cewa zanen bishiya, dutse, gida, kogi, gona da makamantansu babu laifi. Saɓanin yana kan mutum da dabba. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta fi yaɗuwa a Nijar da arewacin Najeriya, sanannen bayani shi ne haramcin ya fi shafar mutum-mutumi mai inuwa kuma cikakken halitta, shi kuwa zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi bai kai haramun ba, ana dai ƙinsa. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka, suka hana duka biyun.

Wanda abin ya dame shi, sai ya zauna da malamin da ya yarda da iliminsa. Ko da ya ɗauki fatawa mafi tsanani, fili a buɗe yake: rumbu, masallaci, kwalekwale, fadama, zayyana, rubutun ajami mai ado, duk suna nan. Masu zanen Musulunci sun yi ƙarnuka suna ba duniya mamaki da layi da fure da harafi kaɗai.

Da me za a fara?

Ba sai an je kantin Turawa ba. Bik da kaye sun isa. Gawayin murhu yana zane mai kyau a bayan kwali. Tawadar allo, wadda ake haɗawa da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro, tana aiki da alƙalamin kara ko da burushi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fentin ruwan da ake sayarwa da tsada a Turai, garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro, irin wanda ake samu a jikin dakwara a dajin Sahel. Don haka wanda ya daka jar ƙasa ta yi laushi, ya tankaɗe, ya kwaɓa da ruwan ƙaro, ya samu jan fenti. Farar ƙasa ta ba shi fari, shuni ya ba shi shuɗi, gangamau ya ba shi rawaya, karan dafi da dukawa ke rina fata da shi ya ba shi wani jan. Zoɓo ma yana ba da launi, sai dai yakan koɗe idan ya sha rana.

Ga wasu shawarwari da malaman zane suka saba bayarwa:

Ka zana abin da ke gabanka, kamar butar shayi, takalmi ko ƙofar ɗaki. Ka fi kallon abin fiye da kallon takardar.

Minti 15 kullum ya fi awa 3 sau ɗaya a wata. Lokacin da ake jiran shayi na biyu ya nuna ya isa a zana butar.

Ka ɗauki wani hoto ka juya shi kai ƙasa, ka kwafe shi a haka. Wata malamar zane Ba'amurkiya, Betty Edwards, ta yaɗa wannan dabara a littafinta na 1979. Idan ido bai gane abin da yake kallo ba, sai ya koma ganin layuka yadda suke.

Ka rubuta kwanan wata a kowane shafi, kuma kada ka yaga wanda bai yi kyau ba. Bayan wata 3 za ka ga tazarar da idonka.

Wanda ke da data, akwai darussa kyauta birjik a YouTube da Faransanci da Turanci da Larabci. Wanda ke Yamai kuma zai iya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, ya ga masu aikin hannu suna aiki a gabansa.

Dariyar mutane

Abu mafi wuya ba kayan aiki ba ne, bakin mutane ne. Magidanci da ƴaƴa huɗu ya zauna yana zana rumbu, dole wani ya ce ya rasa aikin yi. Mace ta ɗauki burushi, a ce ta bar tukunya a wuta.

Amma al'ummar da ke yi wa mai zane dariya ita ce ke nemansa idan za a rubuta allon shago, ko a yi wa babbar mota ado, ko a zana wa amarya lalle, ko a fitar da tambarin ƙungiya. Wasu da suka koma zane don nishaɗi sukan wayi gari yana kawo musu ɗan kuɗin cefane. Sai dai wanda ya shiga da niyyar kuɗi tun ranar farko yakan yi saurin karaya, domin hannu yana buƙatar watanni kafin ya dawo.

Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilimi. Ga ɗan Gesheme da ke karanta wannan a Yamai ko Legas ko Abijan, gwajin mai sauƙi ne. Yau da dare, kafin ka ɗauki waya, ka nemi bik da bayan wata takarda, ka zana gidan da aka haife ka: inda zaure yake, inda rumbu yake, inda turken awaki yake, da bishiyar da ke tsakar gida. Ba zai yi kyau ba a karon farko. Ka ɗauki hotonsa duk da haka, ka tura wa yayarka ko ƙaninka a WhatsApp, ka tambaye su abin da ka manta. Za su gaya maka cewa rijiyar ba a nan take ba, kuma ka bar ɗakin Inna. Sai ka sake zanawa.